Alhaji Mai Albasa da Kuɗin Gwaji

Kasuwar Katako, Yamai, da hantsi. Alhaji Ba'adare na kishingiɗe bisa buhunan albasar Galmi, yaronsa Bagobiri na hura gawayin shayi. Sai ga Ɗan Boko, waya a hannu.

ƊAN BOKO: Salamu alaikum, Baba Alhaji. Sabon kamfani muka kafa, mu uku. Manhaja ce mai riƙe lissafin kaya da bashi.

ALHAJI: Nawa?

ƊAN BOKO: Ba a kai nan ba tukuna. Gwaji ne a intanet, ba saukarwa, ba rajista. Ka latsa da hannunka, kamar shagonka ne. Ka ga mai kilishi in ya yago maka ɗanɗano? To, shi ne.

BAGOBIRI: Ka yi kuskuren misali, yaro. Shekara 3 Alhaji na rayuwa da ɗanɗanon kilishi, bai taɓa sayen na dala ba.

ALHAJI: Rufe min baki, bawan Katsinawa! Kawo in gani. (Ya dangwala yatsa.) La ilaha! Mi nake gani? Sefa miliyan 5 a asusuna?

ƊAN BOKO: Na misali ne, Baba. Mu muka rubuta su don allon kada ya zama fayau.

ALHAJI: Ina wajen cirewa?

ƊAN BOKO: Babu. Latsa nan dai, inda kibiya ke ƙyaftawa. Ka ga, ka sayar da buhu 200 zuwa Abidjan, lissafin ya sauka da kansa.

ALHAJI: (Ya zabura.) Bagobiri, ƙirga buhuna!

BAGOBIRI: Suna nan, ranka ya daɗe. Kai ne ma bisa kansu.

ALHAJI: To, wannan ciniki da albarka yake. An sayar, kuɗi sun shigo, albasa na nan. Wane ne kuma wannan, Wane ɗan Wane, da nake bi jikka 300?

ƊAN BOKO: Babu shi a duniya, suna ne kawai.

ALHAJI: Haka duk masu cin bashina suke zama ranar biya.

ƊAN BOKO: Ai mun lura shafin bashi ya fi burge ka. Sau 9 ka koma can. Muna ganin inda kowa ya latsa, da inda ya gaji ya fita, da haka muke gane abin da za mu gyara da wanda za mu kira.

ALHAJI: (Ya ɓoye yatsa cikin riga.) Au, ni ina gwada kaya, kaya na gwada ni?

ƊAN BOKO: Saura ka sa lambar wayarka a ƙarshe. Manhajar ta gaskiya jikka 5 ce a wata.

BAGOBIRI: Yauwa, an zo wurin. Mai kilishi ya fiddo takardar naɗi.

ALHAJI: Na saya. Shekara guda cur, ba ragi.

ƊAN BOKO: Allah ya ƙara arziki, Baba!

ALHAJI: Amin. Cire jikka 60 daga miliyan 5 ɗin can, ka riƙe sauran ka sha ruwa.

ƊAN BOKO: Baba, ai waɗancan ba kuɗi ba ne...

ALHAJI: Bagobiri, ba shi albasa ɗaya ya sunsuna. In ta yi masa, ya bar lambarsa.