Sarkin Ƙwari da Farar da ta Ƙare a Kasko

Da shugaban ɗakin adana ƙwari na jami'armu ya tafi hutun shekara, makullai suka faɗo hannuna. Ba don na fi kowa sani ba, ni kaɗai ne warin kafur bai kora daga ɗakin ba. Abokan aiki suka naɗa ni Sarkin Ƙwari, ni kuma na ɗauki abin da gaske.

Sarki kuwa sai da jerin magabata. Na nemo sunayen waɗanda suka shugabanci sashen ƙwari na babban gidan tarihin halittu na Landan, na liƙa a bango. An yaye sashen daga na dabbobi a 1913, Charles Gahan ya fara riƙe shi har 1927. Sai Ernest Austen, wanda tun 1903 yake rubutu a kan tsando, ƙudan nan mai sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci. Norman Riley ya zauna daram daga 1932 zuwa 1955, shekara 23 yana fama da malam-buɗe-littafi. Can gaba Laurence Mound ya hau a 1981, shi kuma gwanin 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan ne da danginsu ke zubar da furen wake. Na lura kowannensu da ƙwaron da aka san shi da shi. Na ce to, ni fara zan kama.

Ƙarshen damina na yi kwana huɗu a gonakin wajen Gashuwa da raga, na dawo da fara da babe guda 140, kowane rukuni a ledarsa, da 'yar takarda ɗauke da wuri, kwanan wata da sunana. Da fensir ake rubuta ta, domin tawadar biro tana narkewa in ta sha danshi.

Babbar fara ba a soke ta haka nan a ajiye, cikinta zai ruɓe ya yi baƙi ya cika ɗaki da ɗoyi. Sai an tsaga cikin ta ƙasa da ƙaramin almakashi, a zaro hanjin da hantsaki, a cusa auduga daidai girman abin da aka cire. Sannan allura lamba 3, wadda ba ta tsatsa, a soka ta a gadon baya, ɗan dama da tsakiya, a bar kamar milimita 10 a sama wurin kamawa. A buɗe fiffiken hagu a kan allo, a danne da siririyar takarda, a ba ta mako biyu ta bushe. Mai sauri ya yi goma sha biyar a yini. Sauran dole su jira a firiza.

Firizar ofis kuwa aiki ya yi mata yawa. Na buɗe akwatunan tsofaffin ƙwari na ga gari-gari a ƙarƙashinsu, alamar ɗan'uwan ƙwaron nan mai cin busasshen kifi ya shiga. Maganinsa a ɗaure akwati a leda, ya yi mako biyu cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, in an fito da shi kuma kada a kwance sai ya kwana, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan ƙwarin su yi fumfuna. Akwatu shida suka cinye wurin. Sai na kwashi farata na kai gida, na tura ƙarƙashin kajin uwargida, ban ce wa kowa uffan ba. Sarki ai ba ya shawara da talakawa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka kawo min faranti. Fara ce soyayya, ta sha yaji da albasa, an cire fiffike da ƙafafu tsaf. Na ci, na ƙara, har ina santi ina cewa wannan ba ta kasuwa ba ce. Ana cikin haka wani abu ya maƙale min a haƙori. Na zaro. Takarda ce, ta jiƙe da mai, amma fensir bai ci amanata ba: ga Gashuwa, ga kwanan wata, ga sunana ɓaro-ɓaro.

Na ce, "Hajiya, ina kika samo farar nan?"

Ta ce, "A'a Malam, ba kai ka kawo tsaraba ba? Na ga har ka rarraba ta leda-leda, na ce bawan Allah ya fara hankali. Na aika wa maƙwabta ma."

Abu ɗaya ya sa ban suma ba: da sanyi na kashe su, ba da kwalbar guba ba, kuma na tambayi manoman sun ce ba a yi feshi ba. Da na bi hanyar da aka saba, da unguwa guda muka kwana a asibiti.

Litinin na ƙirga abin da ya tsira. Goma sha biyar ɗin da na soke a ofis, sai ƙafar baya guda tara da na tsinto a kwandon shara, ba a san wadda ta fito daga wace leda ba. A rahoton wata na rubuta cewa an yi asarar samfura sakamakon zafi mai tsanani, kuma ban yi ƙarya ba. Takardar magabata na ɓalle ta daga bango, don gani nake Austen yana hararata.

Jiya da dare ina gyara raga, Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, yaushe za ka koma binciken? In ka je ka fi kamo manyan nan masu ƙwai, sun fi maiƙo."