Rancen Gwamnati Ga Masu Sana'ar Hannu: Me Ya Sa Kuɗin Ba Sa Isa Karofi?

Kusan kowace gwamnati da ta hau mulki a Najeriya takan zo da nata shirin bai wa masu ƙananan sana'o'i rance, kuma a wajen bikin ƙaddamarwa ba a rasa ambaton marina da maƙera da dukawa da masaƙa a matsayin waɗanda aka yi abin dominsu. A shekarar 2013 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 220 domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, aka ce kashi 60 cikin ɗari na mata ne. A 2017 aka ɓullo da shirin AGSMEIS na rancen noma da ƙananan sana'o'i, wanda aka tsara bankunan kasuwanci su riƙa zuba masa kashi 5 cikin ɗari na ribarsu, sannan a 2018 TraderMoni ya zo da rancen naira 10,000 ta hannun Bankin Masana'antu. A 2023 kuma aka sanar da wata naira biliyan 75 da za a bayar a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari. Duk da waɗannan maƙudan kuɗaɗe, wanda ya leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zai tarar da yawancin ramukan rinin da ke wannan karofi sun bushe, masu aikin kuma galibi dattawa ne.

A ganina ba ƙarancin kuɗi ne ya jawo haka ba, yadda aka tsara rancen ne bai dace da mutumin da ake cewa an yi shi dominsa ba. Ana buƙatar mai nema ya yi rajistar kasuwancinsa da hukumar CAC, ya kawo lambar BVN da bayanan asusunsa na banki, ya rubuta tsarin kasuwanci, a wasu shirye-shiryen ma sai ya halarci horo a wata cibiya kafin ya cika fom a intanet da Turanci. Badukun da ya gaji aikin daga kakansa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin jarinsa yana cikin hannunsa da kayan aikinsa da kuma amanar da ke tsakaninsa da masu sayen kayansa. Wanda ke iya tsallake waɗannan shingaye shi ne wanda ya iya cika takarda ko yake da uwa a gindin murhu, ko da kuwa bai taɓa riƙe basilla ba.

Babban kuskuren ma yana wajen lokacin biya. Marini yakan haɗa baba da toka da kanwa a rami, ya jira makonni kafin ruwan ya nuna, sannan ya yi ta tsoma ƙyalle yana fitarwa yana shanyawa har launin ya kama yadda ake so, daga nan a kai wa mabuga su buga shi ya yi sheƙi. Bayan duk wannan, sau da yawa dillali ne zai ɗauki kayan bashi, kuma irin rinin da garin Kura ya shahara da shi, wanda Buzaye ke naɗa rawani da shi, sai ya yi doguwar tafiya kafin kuɗinsa su dawo. Shi kuwa majemi, lokacin da ya fi buƙatar kuɗi shi ne bayan Babbar Sallah, sa'ad da fatun layya suka yi yawa suka yi araha, kuma dunƙulallen jari yake so a lokaci guda domin ya sayi fata da gishiri da bagaruwar da zai daɗe yana jima da su. Rancen da za a fara karɓar biyansa mako-mako, a kammala cikin wata shida, ya dace da mai kasa tumatir wanda kuɗinsa ke juyawa kullum. Idan aka ɗora shi a kan marini ko majemi, daga cikin uwar kuɗin zai fara biya tun kafin ya sayar da komai. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuma, farashin shadda da zare da duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, ta yadda ƙaramin rance ba ya sayen kayan aikin da zai riƙe mutum ko da na wata guda.

Sai kuma batun kuɗin ruwa, wanda masu tsara manufofi a Abuja ke yawan ɗauka da wasa alhali shi ne ke hana dubban mutane a Arewa ko kusantar banki. Maganinsa yana nan a ƙasa, tunda bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, kuma a 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin gudanar da wasu shirye-shiryensa ba tare da ruwa ba. A tsarin murabaha banki ne zai sayi fatar ko baban ko ƙarfen, ya sayar wa mai sana'a da ribar da aka sani tun farko, a tsarin istisna'i kuma ana ƙulla cinikin abin da za a ƙera kafin a ƙera shi, wanda dama haka maƙeri da manomi suke yi tun kaka da kakanni idan damina ta gabato. Wannan hanya tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato kayan aiki ake miƙa wa mutum, ba tsabar kuɗin da hidimar biki ko rashin lafiya a gida za ta iya lashewa ba.

Masu adawa da irin wannan rance suna cewa talaka ba ya biyan bashin gwamnati, yana ɗaukarsa rabonsa ne na arzikin ƙasa, kuma suna kafa hujja da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, wanda aka sha wahalar karɓo kuɗinsa. Gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso ma, da ya dakatar da irin waɗannan shirye-shirye bayan hawansa a 2023, ya ce abin da aka fitar ta wannan hanya ya haura naira tiriliyan 10. Maganar tasu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai wanda ya raba rance a kasuwa ana gab da zaɓe shi ya koya wa mutane cewa kyauta ce. Masu sana'ar da ake zargi su ne dai suke zuba adashi ba fashi, suke karɓar kaya bashi a kasuwar Kurmi ba tare da takarda ba, su kuma biya, saboda sun san wanda ya ci amana ba zai sake samun mai ba shi ba. Sana'o'in gargajiya suna da shugabanninsu, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa, waɗanda suka san wanda ke aiki da wanda sunan sana'ar kawai yake ci. Idan aka bayar da rance ga ƙungiya da lamunin junansu, aka kuma kafe sunayen waɗanda suka karɓa a fili domin kada shugabanni su mayar da abin na 'yan uwa da surukai, biya zai fi tabbata. Dokar 2017 da ta halatta jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka, kamar keken ɗinki da injin walda, ita ma tana nan, amma bankuna har yanzu takardar fili suka fi so su gani.

Ko da an gyara duk waɗannan, rance ba zai yi amfani ba ga wanda ba shi da mai saye. Yadin da aka buga wa zanen rini a masana'antun ƙasar Sin ya cika Kantin Kwari a farashin da marini ba zai iya karawa da shi ba, takalmin roba kuma ya kori na fata daga ƙafar talaka. A nan gwamnati tana da abin da ya fi rance ƙarfi, wato sayayyarta. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya tanadi cewa aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da hukumomin tarayya ke kashewa a kan kayan sarki da takalma da kujeru da makamantansu ya tafi ga kayan da aka yi a gida. Gwamnatocin jihohi kuwa kowace shekara suna sayen takalman ɗalibai da kujerun makaranta da kayan noma. Idan aka yanki wani kaso na wannan kwangila aka bai wa ƙungiyoyin dukawa da kafintoci da maƙera, takardar kwangilar kanta ta isa jingina a banki, da sharaɗin cewa ma'aikatar da ta ba da aikin za ta biya a kan lokaci, a cire kuɗin banki kai tsaye, a miƙa wa masu aikin ragowar.