Hawan jini ba ya jiran kai ya yi ciwo

Jama'a, mu daina auna hawan jini da ciwon kai. Sai ka ga mutum jininsa ya kai 170/100 yana harkokinsa a kasuwa garau, alhali a ɓoye ƙoda da zuciya da ƙananan jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa suna cin wuya. Ranar da jijiya ta toshe ko ta fashe, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce jifa ne ko iska.

Idan awo ya nuna 140/90 ko fiye a ranaku biyu daban, hawan jini ne. Shi kansa awon ana ɓata shi. Ka zauna ka huta minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, dantse daidai da ƙirji. Kar ka ci goro ko ka sha kofi ko taba rabin awa kafin nan, kuma ka yi fitsari tukuna. Mai kaurin dantse in aka ɗaura masa ƙaramin maɗauri, lambar sai ta haura gaskiya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne magani. A sha kati ɗaya, a ji sauƙi, a jefa sauran a aljihun kwaba. Ai wannan ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake gamawa cikin kwana 3. Saukar jinin aikin ƙwayar ne, kana dainawa zai koma. Cikin magungunan hawan jini, in amlodifin ya kumbura maka ƙafa, ko lisinofiril ya sa ka busasshen tari, koma wa likita ya canza maka. Su kuma diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis kamar alewa saboda ciwon jiki, suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda.

Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. Uwargida, ɗunƙulen Maggi da yajin tsire duk a cikin lissafin suke.

Awo ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko nauyin harshe, a tafi asibiti nan take. Haka mai ciki da fuskarta ta kumbura ga matsanancin ciwon kai, kar a jira ranar awon ciki, jijjiga na iya biyo baya.