"Yaro ne, zai manta"

Shekarata 6 lokacin rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, kuma na shafe shekara 31 ina cewa ban tuna komai a kansa ba, duk da cewa gidanmu ba shi da nisa da 'Yan Awaki, unguwar da Maitatsine da mabiyansa suke zaune.

Da yammacin Juma'a, 20 ga Janairun 2012, da bama-bamai suka fara tashi a cikin gari, sai na tsinci kaina a durƙushe ƙarƙashin teburin shagona, ni magidanci mai 'ya'ya uku, ina jin tafin hannu a kan bakina, har da warin daddawa a jikinsa. Babu kowa a shagon sai ni. Bayan kwana biyu na je wajen Inna na ba ta labari, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ashe ka tuna? Ni ce na toshe maka baki a ƙarƙashin gado, don kada kukanka ya jawo mana su."

Tun daga ranar nake jin zafin maganar nan da muke yi cewa yaro ne, zai manta. Sau da yawa yaro yana rasa kalmomin da zai faɗi abin ne kawai, ya yi shiru, mu kuma mu ɗauki shirunsa a matsayin lafiya, har ranar da wani wari ko wata ƙara za ta tono abin da aka binne. A 1994 wata mai bincike a Amurka, Linda Williams, ta tattauna da mata 129 da takardun asibiti suka tabbatar an ci zarafinsu suna ƙanana, kuma kashi 38 cikin ɗari ba su tuna da abin ba bayan kimanin shekara 17.

Ba na cewa duk abin da ya faɗo wa mutum a rai haka ya faru daidai. Ni da dare nake ganin abin, Inna kuwa ta ce da rana tsaka ne, kuma ita na gaskata. Shi ya sa mai irin wannan hali yake buƙatar wanda zai saurare shi ba tare da ya cusa masa labari ba, da likitan ƙwaƙwalwa idan barci ya gagara, maimakon a yi gaggawar cewa shafar aljanu ce, ko a rufe masa baki da "ka yi haƙuri". Addu'a ba ta hana neman magani.

Ina yawan tunanin ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020, da irin abin da ke kwance a zukatansu yanzu.

A ranar da muka yi maganar, Inna ta yi kuka, ta ce tun 1980 ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ta gani a ƙofar gidanmu ba, har mahaifinmu ya rasu bai ji ba.