Ƙanena ya ce gina kwampaila "ba namu ba ne"

Daren Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ƙanena ya turo mini hoto daga Harobanda, unguwar ƙetaren kogi a Yamai. Fuskar kwamfutarsa ce ya ɗauka da waya, layi uku na ƙarshe kawai, a ciki an rubuta Error 2. A ƙasa ya ce: "Yaya, na haƙura. Wannan aikin ba namu ba ne." Kwana huɗu ke nan yana fama da gina kwampaila mai suna GCC daga asalin rubutunsa, a kan wata kwamfuta ta gwanjo mai RAM giga 4.

Maganar nan ta "ba namu ba ne" ita ta hana ni barci, shi ya sa nake wannan rubutu. Na sha jin ta a bakin yaranmu masu ƙwaƙwalwa, kuma kusan kullum ba rashin iyawa ne ya kayar da su ba. Babu wanda ya taɓa zama ya nuna musu yadda ake karanta faɗuwar aiki.

Ga wanda bai sani ba, kwampaila tafinta ne: kai ka rubuta da yaren da mutum ke ganewa, shi ya juya zuwa yaren na'ura. To shi ma tafintan rubuta shi aka yi, sai an samu wani tafinta ya juya shi. GCC da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, tun daga fitowar 4.8 ba ya ginuwa sai da kwampailan C++ a hannu. Kuma sau uku yake gina kansa. Wanda ke kan na'urarka ya gina na farko, na farko ya gina na biyu, na biyu ya gina na uku, sannan a gwada na biyu da na uku. In ba su fito iri ɗaya ba, aiki ya tsaya. Awoyi ake kwashewa, kuma ko'ina ana iya tuntuɓe.

Washegari na haye gada na same shi. Na ce, ƙanena, layin da ka turo mini wurin faɗuwa ne, ni wurin tuntuɓe nake nema. Error 2 ba ya faɗin komai, make ne kawai, wato manhajar da ke jagorantar ginin, ke shelar cewa wani abu ya mutu can baya. In ka ba shi -j8, ayyuka takwas ke gudu lokaci guda, ɗaya ya mutu sauran su ci gaba da zuba rubutu har su binne shi. Muka sake kunnawa ba tare da -j ba, muka zuba duk abin da ya fito cikin fayil, muka nemi kuskuren farko. Ga shi ƙarara: bai ga gnu/stubs-32.h ba. Wato yana son ya gina har da ɓangaren bit 32, alhali babu kayansa a na'urar. Muka share wurin ginin, wanda dama ya kamata ya zauna daban da babban fayil ɗin asalin rubutu, muka ƙara --disable-multilib, muka taƙaita yaruka zuwa C da C++. Minti goma sun kashe matsalar kwana huɗu.

GMP, MPFR da MPC, kayan lissafin da GCC ke dogaro da su, ba su ba mu wahala ba, akwai ɗan umarni a cikin contrib mai suna download_prerequisites da ke sauko da su. Sai dai mai rezo irin namu ya riƙa amfani da wget -c mai ci gaba da saukarwa daga inda ta tsinke, ya kuma gwada sha512, lambar tabbatar da cewa fayil ya iso cikakke, kafin ya buɗe ƙunshin, don rabin fayil ya fi rashin fayil ɓata lokaci.

Bayan awa biyu ya sake faɗi, wannan karon da kalmar Killed a kan cc1plus, ɓangaren da ke juya C++. Ƙanena ya fara neman kuskure a cikin rubutun, na riƙe hannunsa na ce buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux. Linux ne da kansa ya kashe aikin saboda RAM ta cika. Mutumin da ya yi bidiyon da ƙanena ya kalla, na'urarsa ba irin tamu ba ce, -j8 a wurinsa ba komai ba ne. Muka koma -j2, muka buɗe swap na giga 4, wato wuri a kan diski da ke tallafa wa RAM in ta cika.

Na uku shi ne ya fi tsaya mini a rai. Segmentation fault, wato aiki ya taɓa wurin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwar na'ura ya mutu, a wani fayil. Muka sake make, ya wuce wurin lafiya lau, ya je ya faɗi a wani fayil daban. Na ce masa ka riƙe wannan tambaya duk rayuwarka ta aiki: wuri ɗaya yake faɗuwa, ko yawo yake? In wuri ɗaya ne, laifin rubutu ne ko saiti. In yawo yake, ƙarfen ne ke ciwo. Na sa tafin hannu a ƙarƙashin kwamfutar, ban iya barinsa ba don zafi. A kan katifa take, cikin watan Afrilu, a ɗakin kwano, a garin da rana ke wuce digiri 40. Muka kwance bayanta. Ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, da tsinken sakace na zaro ta. Muka bar memtest86+ ya zagaya RAM, bai ga aibu ba, muka ɗora ta a kan bulo biyu gaban fanka, muka jira dare.

Irin wannan ba za ka cika samun sa a amsoshin intanet ba, domin masu rubuta su ba a ɗakinmu suke kwana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka batun kuran: in an ɗauke shi batir kuma ya mutu ana tsakiyar rubuta fayil, wani lokaci za ka tarar da fayil ɗin .o, wato guntun da aka riga aka juya, marar komai a ciki, make ya duba lokacinsa ya ɗauka sabo ne, sai can gaba wurin haɗa guntayen abin ya fashe. Haka ƙaramin batirin agogo, CR2032, in ya mutu kwanan wata ya rikice, make ya fara kukan clock skew.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma da mu manya nake. Yaro ya kawo irin wannan tambaya a fada ko a guruf, sai a ce masa "me ya kai ka? Yi apt install, ka sauko da ginanne ka huta." Gaskiya ne, don aikin yau da kullum ni ma abin da nake yi ke nan. Amma wanda ya gina kwampaila sau ɗaya da hannunsa ya koyi karanta config.log, ya gane cewa yawancin kurakuran ciki gwaji ne kawai da configure, umarnin da ke shirya gini, ke yi da gangan, ya san bambancin ciwon rubutu da ciwon ƙarfe. Da wannan ilimin ne gobe zai tsaya gaban sabar wani ofis da ta ƙi tashi, ba ya rawar jiki. In mun rufe masa baki yau, mun hana shi wannan. Ku kuma ƙanne, don Allah ku daina turo hoton layi uku. Ku turo umarnin configure da kuka buga, sunan Linux ɗinku, girman RAM, da kuskuren farko.

Mun kunna aikin bayan isha'i na koma gida. Ana kiran asalatu saƙonsa ya shigo: an gwada na biyu da na uku sun dace, make install ya wuce, gcc --version ya nuna nasa. A ƙasa ya tambaye ni ko giga 4 za ta iya ɗaukar LLVM, wani babban tsarin kwampaila daban. Na ce masa wurin haɗawa ne zai ci RAM, ya sa a riƙa haɗa ɗaya-ɗaya, kuma kada ya fara sai rana ta faɗi.