Ƙara wa fitilar hazo haske: garin gyaran gira ana rasa ido

'Yan watannin nan, duk inda mutum ya leƙa a TikTok ko YouTube ko Facebook, sai ya ci karo da irin bidiyon nan: wani ya durƙusa gaban motarsa a ƙofar gida, ya zura hannu ta bayan bamba, ya murɗe ƙwan fitilar hazo ya ajiye gefe, ya soka sabo na LED, ya kunna, sai wuri ya ɗauki haske fari fat. Aikin bai kai minti goma ba. A jikin kwalin an rubuta lumen (ma'aunin yawan haske) 10,000, wani ma 20,000, mai bidiyon kuma yana ta murna wai yanzu dare ya zame masa rana. Dubban mutane na kallo, suna tambayar inda za su samu nasu. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikin masu wannan bidiyo ya taka zuwa gaban motar, ya juyo ya kalli abin da ya haɗa da idonsa ba.

Ni na kalla, kuma ba da son raina ba. Wani dare da hazo ya sauko, ina kan hanya mai hannu biyu wadda babu shinge a tsakiyarta, sai ga mota ta tunkaro ni da fitilu huɗu a kunne. Biyun sama ba su dame ni ba. Biyun ƙasa ne, masu farin haske mai ratsin shuɗi, suka dalle mini ido har gilashin gabana ya koma kamar an shafe shi da farar ƙasa. Bakin kwalta ya ɓace mini, layin tsakiya ya ɓace. Na ɗaga ƙafa daga totur na taka burki, ba don na ga wani abu ba, sai don na daina ganin komai. Da motar ta wuce, idona ya fara dawowa, sai ga wani bawan Allah yana tura babur ɗinsa da ya mutu a gefen hanya, tsakaninsa da bambata bai fi taku biyar ba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wancan direban bai san an yi ba. Ya isa gida yana jin daɗin sabon ƙwansa.

Kuskuren yana farawa ne daga rashin sanin aikin fitilar. Hazo ɗigo-ɗigon ruwa ne ƙanana da ke rataye a iska, ƙura ma haka take da nata ƙwayoyin. Duk hasken da ya doke su, wani kasonsa komowa yake baya, cikin idon wanda ya haska. Shi ya sa duk direban da ya taɓa kunna fitilar nesa a cikin hazo ya san abin da ke biyo baya: farin bango ya tsaya masa a gaba. Masu ƙera mota sun san wannan, sai suka sauko da fitilar hazo can ƙasa, nesa da layin idon direba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota, wadda ƙasashe da yawa ke bi, ta ce a ƙaramar mota kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada kuma ta haura santimita 80. Aka kuma tsara haskenta ya fita a shimfiɗe, mai faɗi, an yanke shi ƙat daga sama, don ya bi doron kwalta ya nuna layi da bakin hanya ba tare da ya tashi ya haske hazon da ke gaban gilashi ba. Amfaninta gaba ɗaya yana cikin wannan yankan na sama. In haske ya tsallake shi, fitilar ta tashi daga aikinta, komai tsadar ƙwan da ke ciki.

To me ke riƙe da wannan yankan? Ka ɗauki ƙwan halojin na asali, wanda motar ta zo da shi, irin mai lamba H11, ka riƙe shi ta gindi ka ɗaga shi wajen haske. Za ka ga wata siririyar waya a nannaɗe a tsakiyar gilashin, tsawonta bai wuce rabin santimita ba. Wannan ɗan zaren shi ne tushen hasken, kuma yana bayar da shi ta kowane ɓangare, sama da ƙasa, dama da hagu. Kaskon nan mai sheƙi da ke cikin gidan fitilar, kowane lanƙwasa da ke jikinsa an auna shi ne da wurin da zaren yake zaune, don ya tattaro hasken ya jefa shi inda ake so. Yanzu ɗauki na LED ɗin da ake talla. Wani ɗan allo ne mai kauri, an manna masa ƙananan tubala masu haske a fuska biyu. Gefensa duhu ne, fuskokinsa kuma sun fi zaren faɗi, sannan tsakaninsu akwai tazarar kaurin allon. Milimita ɗaya ko biyu da tushen haske ya goce daga mazauninsa ya isa ya sa kaskon ya watsa haske inda ba a nufa ba, kuma mafi yawan lokaci sama yake tafiya. Ƙwan ya shiga ramin, ya murɗu, ya kama, ya kawo wuta, duk gaskiya ne. Amma shiga rami ba ya nufin ya dace da kaskon, kuma wannan ne masu bidiyo ba sa faɗa, wataƙila don su ma ba su sani ba.

A dubi lambobin. Ƙwan H11 mai wat 55 yana bayar da lumen wajen 1,350. H8 mai wat 35 wajen 800. H16, wanda ke cikin fitilar hazon motoci da dama, wat 19 ne kacal, lumen 500. Kamfanonin da suka iya ƙera inji mai ƙarfin doki ɗari uku ba rowa ce ta sa suka tsaya a nan ba. Sun san abin da hazo ke yi wa haske mai yawa. A waccan ƙa'idar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma, babbar fitilar kusa in ƙwanta ya haura lumen 2,000, sai an haɗa mata na'urar wanke gilashi da mai daidaita saitin hasken da kanta, saboda datti kaɗan ko kaya a bayan mota na iya ɗaga hasken zuwa idon jama'a. Sai ga wani ya zo da kwali mai ɗauke da 20,000. In ƙarya aka rubuta, an cuci mai saye. In kuwa da gaske ne, to kowa da ke kan hanyar aka cuta.

Abin takaicin shi ne mai motar ma bai tsira ba, ji kawai yake ya ƙaru. Idan aka zuba haske mai ƙarfi a kan mita goma ko ashirin na farko a gaban mota, ƙwayar ido takan tsuke don ta jure shi, kuma da ta tsuke, abin da ke can nesa cikin duhu sai ya ƙara dusashewa. Direba yana ganin tsakuwar da ke gaban tayarsa tar, sai zuciyarsa ta ba shi cewa yana gani sosai, ƙafarsa ta ƙara nauyi a kan totur. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Duk abin da fitilar hazo ta nuna maka a wannan gudun, kafin ƙafarka ta isa burki ka riga ka taka shi. Fitila ce ta tafiyar sannu, kuma babu ƙwan da zai sauya wannan. Hoton "kafin" da "bayan" da ake nunawa kuwa, kyamarar waya ce ta ɗauka, ita kuma tana daidaita haske da kanta, ba ta da ƙwayar idon da za ta yi zafi, ba ta kuma zaune a kujerar motar da ke tahowa.

Ga kuma batun launi. A ma'aunin launin haske, halojin yana wajen kelbin 3,000 zuwa 3,200, haske mai ɗan ruwan ɗorawa. Waɗannan sababbin yawanci 6,000 ne ko sama, fari mai karkata zuwa shuɗi, kuma shi ne launin da ido ya fi jin zafinsa da dare. Faransa ta wajabta fitilar mota mai ruwan ɗorawa tun daga 1937, ba ta janye ba sai 1993. Ba na cikin masu cewa ruwan ɗorawa yana huda hazo, domin ɗigon hazo ya yi girman da kusan kowane launi yake watsawa daidai. Amma ya fi sauƙi a ido, naka da na mai tahowa, musamman dattijai waɗanda idonsu kan daɗe bai dawo ba bayan an dalle su.

Akwai kuma waɗanda ba su je ga LED ba, suka sa halojin mai wat 100 a gurbin mai 55. Lissafin a fili yake. A kan bolt 12, ƙwai biyu masu wat 55 suna jan amfiya (ma'aunin wutar da ke bi ta waya) wajen 9, masu wat 100 kuwa kusan 17. Wayar da aka sa don ɗaukar na farko ita za ta ɗauki na biyu. Fiyus ya tsinke, maimakon mutum ya gane gargaɗi ne, sai ya nemo mafi girma ya soka, wani ma ya naɗa waya a wurin. Fiyus kuwa wayar yake karewa, ranar da ya daina tsinkewa wayar ce za ta yi zafi ta narke. Na taɓa riƙe soket ɗin fitilar hazo da aka yi wa haka: robar ta yi baƙi ta lanƙwashe, ƙarfen ciki ya ƙone, kaskon kuma ya yi tabo daidai saman ƙwan inda zafi ya cinye sheƙin. LED ma nasa zafin ta baya yake fitarwa, shi ya sa ake jona masa ɗan fanka. A ce fanka a wurin da ya fi ko'ina a mota shan ruwa da laka, sau da yawa ma murfin baya ba ya rufuwa saboda girmansa, raɓa ta shiga ta kwanta a gilashi.

Na san amsoshin. Wani zai ce motarsa ce kuma kuɗinsa ne, kamar hasken a cikin motar yake tsayawa. Wani zai ce kowa na kashe masa ido, shi ma dole ya rama, wato makafi biyu su tunkari juna a guje. Wanda ya fi su hujja shi ne mai cewa LED ya fi halojin ci gaba, kuma sababbin motoci da shi suke fitowa. Haka ne, amma a cikin gidan da aka ƙera dominsa tun daga tushe. Jamus ta fara amincewa da sa ƙwan LED a gidan halojin a 2020, sai dai ba a buɗe ƙofa haka kawai ba: ƙwai takamaimai, a jerin motoci takamaimai da aka gwada ɗaya bayan ɗaya. A Birtaniya kuma tun 2021 motar da aka cusa wa LED ko HID (wani nau'in ƙwai mai tsananin haske) a babbar fitilar halojin tana faɗuwa a gwajin lafiyar mota na shekara. Waɗannan ƙasashe ba gaba suke da sabuwar fasaha ba. Sun auna ne, suka ga abin da ke fitowa.

Abin da ya fi fusata ni shi ne yawancin masu wannan gyaran ba don hazo suke yi ba sam. Kwalliya ce. Shi ya sa za ka gan su a kunne dare da rana, gari garau, a cikin cunkoson motoci, suna dukan madubin wanda ke gaba da idon mai tafiya a ƙasa. Dokar hanya ta Birtaniya ta hana kunna fitilar hazo sai in gani ya ragu ƙwarai, abin da ta kwatanta da kasa hango mita 100, kuma da zarar gari ya washe dole a kashe. Wannan hankali ne da bai buƙaci sai an rubuta shi ba. Mutumin da ya zuba haske ninki biyar a fitilar da ke ƙasa da gwiwarsa, ya bar ta a kunne a hanya mai jiƙe da ruwan sama inda kwalta ke mayar da haske kamar madubi, don kawai a ce motarsa ta yi kyau, ba gwaninta ya nuna ba. Son kai ne, kuma da ran wasu yake wasa. Masu sayar da ƙwan da masu tallata shi a bidiyo suna da kaso a duk abin da ya faru, ko sun rubuta a ƙasan kwali da ƙananan baƙaƙe cewa ba na hawa titi ba ne.

Wanda da gaske fitilarsa ta yi rauni, ya fara duba abin da ke cinye hasken. Gilashin da ya dafe ya yi ruwan ƙasa, a goge shi ko a sauya. Tsohuwar waya da mahaɗin da ya yi tsatsa suna rage wutar da ke isa ƙwan, kuma halojin ba ya yafe wannan: ragin kashi 10 cikin ɗari a ƙarfin wuta na iya tafiya da kusan kashi 30 na haske. Sabon ƙwai mai lamba ɗaya da tsohon, wanda ba a taɓa gilashinsa da yatsa ba, yakan ba mutum mamaki. In kuma LED ɗin ake so dole, a sayi fitilar sukutum da gidanta, wadda aka gwada aka buga mata hatimi. Hukumomin da ke duba lafiyar motoci su ma su daina tsayawa a kan ko fitila na kawo wuta, su riƙa duba inda hasken ke sauka, a kuma sa ido a kan abin da ake shigowa da shi kasuwa.

Wanda kuma ya riga ya sa, ina roƙonsa abu ɗaya a daren yau. Ya tsayar da motar a wuri mai baje, tana fuskantar bango daga nisan mita 7 ko 8, ya kunna fitilar hazo ita kaɗai. Saman hasken ya kamata ya yanke a layi ɗaya, kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar kanta. In ya ga haske ya fantsama har saman bangon, ya juya motar ta kalli fili, ya taka mita talatin, ya tsuguna daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota, ya kalle ta na daƙiƙa uku, sannan ya juya ya gwada karanta lambar motar da ke kusa da shi.