Tsoro ya kai mussa bisa, ihunku ba zai sauko da ita ba

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku ƙannena masu zaman majalisa bayan la'asar. Magana nike so mu yi kan abin da na san da yawanku za su ce bai kai a ɓata baki a kanshi ba, to amma ni ya tsaya min a rai tun bazarar da ta wuce, kuma da ni anka yi shi, don haka kar wani ya zata na zo in wanke kaina in shafa muku ne.

Mussa ce, wadda mutanen gabas ke ce ma mage ko kyanwa. Ta wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu nan Mabera, duk layin Inna muke ce mata, ɗiyanta sun yi aure sun watse, daga ita sai mussar nan a gida, har kwanon cin abincinta daban. Ranar nan cikin watan Afrilu, kun dai san Afrilun Sakkwato, zafin da ke wuce digiri 40 ko mi ka taɓa wuta, wani kare ya biyo ta tun daga bakin kwalbati, kafin ka ce kwabo ta kama dogonyaron ƙofar gida ta yi bisa, ba ta tsaya ba sai da ta ninka tsawon katanga. Kare ya yi haushinshi ya gaji ya kama gabanshi. Ita ko ta manne da reshe tana wani kuka siriri, ta leƙo ƙasa ta koma, ta leƙo ta koma.

Mi munka yi? Taruwa munka yi. Kafin minti goma mun cika gindin iccen, yara da manya, har wani ɗan kabu-kabu ya kashe mashin ya tsaya kallo da fasinjanshi a baya. Wannan ya ce a jefe ta ta faɗo, wancan ya ruga ya ɗauko gora, wani yaro ya zaro danƙo daga aljihu, mutum biyu sunka kama reshen ƙasa suna ta girgizawa, ni kuma Allah ya yafe min, waya na fiddo ina ɗaukar bidiyo ina dariya, tunanina kawai in sa a sitatus. Kuma duk jifa ɗaya sai ta ƙara hawa, har ta kai inda reshen ya sirance, iska na kaɗawa yana lanƙwasa da ita.

Sai ga Inna ta fito, mayafi a karkace, ko takalmi babu. Ba ta zagi kowa ba. Ni ta kalla don ni ne babba a wurin, ta ce haba ɗana, har da kai? Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Mu fa 'yan Birnin Shehu ne, babu wanda bai zauna gaban malam ba a cikinmu, kuma duk mun ji hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim na matar da anka azabtar saboda kyanwa, ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba ba ta ba ta ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Mun ji na Abu Ƙatada da ya karkata ma kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarshi ta sha, ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Shi kanshi Abu Huraira ai 'yar kyanwa ce ta jawo mishi wanga laƙabi. Duk mun haddace, mun ci jarabawa da shi a islamiyya, amma ranar da abin ya zo ƙofar gidanmu da ƙafafu huɗu yana kuka, dutse munka duƙa muna nema. Balle kuma a ce baƙa ce, nan take wani zai ce aljana ce wani ya ce mayya ce ta rikiɗa, shi ke nan an samu hujjar jifa. Dabba ce kurum, ta tsorata.

Abin da ban sani ba sai daga baya, wani abokina da ya karanta likitancin dabbobi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zaunar da ni ya yi min bayani, ashe ba taurin kai ke hana ta saukowa ba. In kun samu mussa mai sabo ku danna tafin ƙafarta a hankali ku ga farcen, lanƙwashe yake kamar ƙugiya, bakin na kallon baya. Wajen hawa abin kamar wasa, ƙugiyoyin su kama ɓawon icce, ƙafafun baya su tura, sai bisa. To in ta juyo da kai ƙasa za ta sauko, ƙugiyoyin sun juya ke nan, ba abin da za su riƙe, zamewa za ta yi. Dole sai ta sauko da baya-baya yadda mutum ke saukowa daga tsani, ba ta ganin inda take sa ƙafa, kuma mussar da ta tashi cikin ɗaki tsakanin gado da madafa ba lallai ta taɓa koyon hakan ba. Yanzu ku auna, dabbar da kare ya koro, ana so ta juya ma ƙasa baya ta sauko a makance, alhali in ta leƙo kawuna take gani birjik ana ihu ana ɗaga gora. A wurinta kare ɗaya ya tafi, ashirin sun zo.

Akwai kuma masu cewa a kakkaɓo ta kawai, ai rai tara gare ta, kan ƙafafunta take dira. Eh, gaskiya ne tana iya murɗa jiki a iska ta juyo da ƙafafu ƙasa, Allah ya yi mata ƙashin baya mai laushi. Amma dira kan ƙafa daban, tashi lafiya daban. A 1987 wasu likitocin dabbobi a birnin New York na Amurka sun fitar da bayanin kyanwa 132 da sunka faɗo daga benaye, wajen kashi 90 cikin ɗari sun ji ciwo a ƙirji, kuma waɗanda sunka rayun ma ai a asibiti anka duba su. Mu nan ƙasan iccen mi ke akwai? Daɓen sumunti, tarin bulo, katangar da anka jera ma fasassun kwalabe a kai. Haɓa kan fashe, ƙafa kan karye, wani ciwon ma a ciki yake ba a gani sai ta kwana biyu ta mutu a lungu a ce ai lafiya lau ta sauko.

Inna dai sallamar kowa ta yi. Ta ce duk mai ƙaunarta ya tafi gida, ta sa anka ɗaure akuyar da ke yawo a wurin, ta aika gidan masu karen su tsare shi. Ni na ce Inna bari in hau in kamo ta mana, ta ce a'a, in kana son lada jeka wurin kafinta ka aro min dogon katako. Na kawo, ta sa na naɗe shi da tsohon buhun algarara na ɗaure da igiya, munka jingina shi da iccen a kwance-kwance ba a tsaye ba, kanshi na daidai inda rassa sunka rabu, don farce ya samu abin kamawa. Daga nan ba ta sake yin komai ba. Ni a raina na ce tsohuwar nan ba da gaske take ba. Ashe abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya ganinshi, ni ko dogonyaron ma ba ta bari na hau ba.

Sai da rana ta yi sanyi anka kusa kiran magariba, lokacin da dama mussa ke fitowa neman abinci, sannan ta fito da tabarma da carbinta da kwanon silbar nan na mussar. Ta fasa kifin gwangwani ta juye a ciki, ta ajiye ruwa a gefe, ta ɗauki cokali tana buga bakin kwanon a hankali, ƙwal, ƙwal, yadda ta saba kullum, tana mus-mus, mus-mus da muryar da ko ni da ke zaure da kyar nike ji. Kukan ya canza. Ta sauko reshe ɗaya ta tsaya. Munka tafi masallaci munka dawo ta ƙara biyu. Ta zo daidai kan katakon nan ta zauna, wallahi ta fi awa ɗaya tana kallonshi, hannuna har ƙaiƙayi yake in miƙa in cafko ta, Inna ta harare ni na koma na zauna. Bayan isha'i layi ya yi tsit, sai munka ji ƙarar farce a jikin buhu, ga ta nan da baya-baya, tana yi tana tsayawa, saura kaɗan ta yi tsalle ta dira, ko kifin ba ta kalla ba, ruwa ta fara sha.

Ban ce kullum haka abin ke ƙarewa ba. Da yawa suna saukowa da kansu in an bar su, yunwa da shiru sun ishe su, amma a zafin garin nan ƙishirwa ba ta jira, in ta kwana ta wuni tana bisa, ko jaririya ce, ko kun ga ta buɗe baki tana haki, ko da alamar rauni, to zaman jira ya ƙare. Kwanaki ba ci ma kan taɓa mata hanta. In ya zama dole a hau, mutum ɗaya mai natsuwa zai hau, wanda ta sani in da hali, da tsani mai ƙwari wani na riƙe da shi a ƙasa, ba wanda ke neman a tafa mishi ba. Ya sa riga mai dogon hannu mai kauri da safar hannu, ya tafi da jakar goyo ko buhun da iska ke shiga, don ba ka saukowa da hannu ɗaya mussa na birkice maka a ɗayan. Ko kyanwar Lami ce a gida, ba cizo ba yaƙushi, a can bisa za ta iya tsage maka fuska. Kar a ja ta ta wutsiya ko ƙafa, a riƙe bayan wuya a tallafo gindinta a sa a jaka a rufe. Wani lokaci ma jefa igiya kan reshe a ja kwando da kifi a ciki zuwa kusa da ita ya wadatar. In iccen ya fi ƙarfinku ku nemi waɗanda hawa ne sana'arsu, masu saran rassa suna nan ko'ina, ku ba su na goro. In kan rufin kwano take da tsakar rana ku tuna kwanon nan yana ƙona tafin ƙafarta yadda zai ƙona naku, kuma tsohon kwano na iya burmawa da ƙato.

In ko falwaya mussar ta hau, don Allah don Annabi, kar wanda ya bi ta. Kar wanda ya miƙa gora ko rodi, kar a watsa ruwa. Kar ka ce ai an ɗauke wuta tun safe, wa ya faɗa maka lokacin da za a maido ta? Ga kuma mai janareta da wutarshi kan iya komawa kan layi in haɗin gidan ba daidai yake ba. Ku je ofishin 'yan wuta ku faɗa musu, su ke da ikon kashe layi. Haka kusa da taransifoma. Uwarka ba ta haife ka don a ce mussa ka bi ka tafi lahira ba.

In ta sauko a ba ta ruwa tukun, abinci kaɗan-kaɗan, a bar ta ta ɓuya inda take so. A lura ko tana ɗingishi, ko jini a hanci ko baki, ko numfashi da kyar, in an ga haka sai wurin likitan dabbobi, jami'ar Ɗanfodiyo ma tana da asibitin koyarwa na dabbobi a garin nan. Abin da na fi jin tsoro shi ne tausayin jahilci, mutum ya ga tana jin ciwo ya ɓallo farasitamol ya jiƙa ya ɗura mata. Guba ce a gare ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Kai kuma da ta ciza ko ta yaƙusa har jini ya fito, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ka wuce asibiti ranar, musamman in ba ka san mussar ba ko ba a taɓa yi mata rigakafi ba, ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba, kuma in alamunshi sunka bayyana sai dai addu'a.

Bidiyon nan ban sa shi ba. Na kalle shi da dare ni kaɗai, muryata ce ta fi ta kowa ƙarfi a ciki, na goge. Da safe na maida ma kafinta katakonshi na shiga gaishe da Inna, ta amsa min da fara'a har da ba ni fura, ba ta sake tada maganar ba. Mussar ce dai har yau in ta ji sallamata sai ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai na tafi.